Sunan Dogo

Ƙanwata Tahira tun tana ƙarama ba a ba ta labari a tashi lafiya. Ka ce mata akuyar maƙwabta ta ɓata, sai ta ce wace akuyar, jar ko mai ƙaho ɗaya, kuma wa ya gan ta a ƙarshe. Babanmu malamin allo ne, yakan yi dariya ya ce da tambaya karatu ce, da Tahira ta sauke tun kafin yaye. Ni kuwa haushi take ba ni, don ko gulma ba ta daɗi da ita.

To yau ga shi tambayar ta zama sana'a. Da ta gama karatu, wani gidan rediyo a Kano ya ɗauke ta gwaji, tana aika musu labaran ƙauyukan Minjibir ta waya: gobara, rasuwa, rikicin iyakar gona, yadda gero ya kwana a kasuwa. Editanta ba ya wasa. Wa abin ya shafa, me ya faru, a ina, yaushe. In babu cikakken suna, babu labari. Ya riga ya watsar mata da wasu a kan haka, ya kuma ce in ta sake, sai dai ta nemi wani aikin.

Da daminar bara muka ji yara biyu sun zame cikin kududdufi a wani ƙauye kusa da mu, wani manomi ya faɗa da kayansa ya tsamo su da rai. Tahira ta ja ni rakiya, wai tana so ya shiga labaran rana.

Yaran mun gan su, garau, suna cin gyaɗa. Sunayensu, shekarunsu, lokacin da abin ya faru, duk ta samu. Saura gwanin. Ashe yana sauya riga ya bi motar hatsi zuwa kasuwar Dawanau, wayarsa kuma ta sha ruwa ta mutu.

"Ya sunansa?" in ji Tahira.

"Dogo," in ji tsofaffin da ke gindin darbejiya.

"Na yanka nake nufi, Baba."

Nan fa aka tsaya kallon juna. Ɗaya ya ce Abdulƙadir, ɗaya ya rantse Abdulkarim ne. Na ce mata ke zaɓi ɗaya mu tafi, rana na yi. Ta harare ni kamar na ce ta yi sata.

Muka shiga gidan su Dogo. Matarsa Maryam na jin tambayar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗaki tana dariya. Mace ta faɗi sunan mijinta a gaban uwar miji? Saura uwar, Inna Larai, tana zaune tana tsince wake. Dogo kuwa ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. "Wancan" take cewa, ko "yaron nan", alhali yaron nan har ya fara furfura.

Tahira ta durƙusa ta gaishe ta, ta zauna ta kama taya ta tsintar wake. Wallahi tausayinta ya kama ni, ina ganin yadda take satar kallon agogon waya.

"Inna, ba zan matsa miki ba," ta ce. "Amma in babu suna, ba za su karanta ba. In ma sun karanta, wani mutum za su ce."

Hannun tsohuwar ya tsaya a cikin faifai.

"Wani mutum?"

"Haka za su ce."

"Shi da ya kusa barin 'ya'yansa marayu saboda 'ya'yan wasu?" Ta dubi Tahira. "Har ina ake jin rediyon naku?"

"Duk Kano, Inna. Har Dawanau."

Ta dube ni ta ce, "Ke mai bakin nan, fita." Ni fa. Na fita soro ina ƙunƙuni. Daga baya Tahira ta gaya mini cewa tsohuwar ta juya fuska ga bango, ta faɗa sau ɗaya can ƙasa-ƙasa, ta ce kuma kada a ce ta maimaita.

Ba mu tafi ba sai da aka yi labarai. Matan unguwa suka cika tsakar gida, rediyo a kan turmi. Mai karantawa ya ce Malam Abdulkabir Jamil, manomi, ya ceto yara biyu, kamar yadda wakiliyarmu Tahira ta aiko. Aka ɗauki guɗa, Tahira ta ƙanƙame ni har ta kusa kayar da ni. Aikinta ya zauna.

Inna Larai ba ta ɗago ba, tana ta tsintar waken da ya riga ya tsintu, hawaye na ɗiga a faifai. Da hayaniya ta lafa ta yafito Tahira.

"Sun faɗa daidai," ta ce. "Da yamma za su sake?"