Na Je Zariya Ɗauko Nura

Gozaki zuwa Funtua

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da Asuba, na hau babur zuwa Malumfashi. Niyyata ɗaya ce, in ɗauko ɗana Nura daga jami'a. Shekara uku yana karatun digiri na uku, gwiwoyina sun gaji, shagon hatsina babu mai riƙewa. Ni da aka kora daga aji uku, ni zan je in rufe karatun wani.

Daga Malumfashi na shiga mota, takwas saura kwata muka shiga Funtua. Na sha koko da ƙosai a tasha. A shingen hanyar Zariya ɗan sanda ya ce, "Baba, ina zuwa?" Na ce, "Jami'a." Har direba sai da ya yi dariya.

Zariya

Sha ɗaya na iske Nura a ɗaki mai sanyi kamar randa. Babu kwalba, babu wuta, sai wani abu mai kama da tsutsa yana murɗewa a kwamfuta.

"Shekara uku tsutsa kake kiwo?"

"Furotin ne, Baba, na jikin ƙwayar cuta. Yana lanƙwasa iri-iri. Siffar da magani zai kama shi muke nema. In kwamfuta ta bi kowace siffa, sai mun tsufa."

"To?"

"Shi ne na koya mata. Tana lura da inda ta riga ta duba, sai ta tsallaka inda abin yake ɓuya."

Innalillahi! Na ce, "Kai, wannan ai sukan buhu ne!" Sabon ɗan kasuwa bakin buhu yake soka ƙarfe, ya ga masara mai kyau. Gwani kuwa ya san inda ake cusa ruɓaɓɓiya.

"A wurinka na gani, Baba."

"Wanne? Sukan ko cusawar?"

Ya sunkuyar da kai. Malamarsa, wata Dakta, ta ce, "Alhaji, aikin wata shida yanzu mako guda yake yi."

Nan take na fasa maganar shago. Da ya raka ni tasha na ce, "Zauna ka gama."

Gida

Da Magariba na iso Gozaki ni kaɗai. Hajiya, uwar Nura, ta ce, "Ina yaron?" Na ce, "Kawo man zafi, gobe ni ne a shago."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Na kuma gode da na'urar nan ba ta san hanyar kasuwar Funtua ba tukuna.