Kwamfutar Bawa da kayan da Sani ya ɗora mata

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Bawa, mai gyaran rediyo da kwamfuta a Rikoto. Mu biyar ne a tsakar gidansa ranar da zan ba ku labarinta, bayan an yi sadakar arba'in. Akwai ni yayarsa, da matarsa Asabe da ke takaba tana zaune bakin ƙofar ɗaki, da babban ɗansa Sani da ya zo daga Birnin Kebbi, da ƙanwar Sanin, Ladi. Na biyar Chinedu ne, mai shagon kayan waya kusa da na Bawa, wanda Sani ya aika aka kira. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, amma idona biyu a kan komai.

Abin da ya tara mu tsohuwar laftof ɗin Bawa ce, wadda murfinta ya tsage har aka liƙe shi da salatif. Da ita Ladi ke buga wa mutane katin biki da takardar neman aiki, kuma tun da Bawa ya kwanta ciwo, da wannan aikin ake ɗora tukunya a gidan.

Ina nan lokacin da Bawa ya zaɓa mata abin da ke tuƙa ta, wanda suke kira babbar manhaja. Nakan biya shagonsa in na tashi daga rumfar hatsina. Ya tara iri-iri a 'yan filas, ƙananan ma'ajiyan nan da ake cusa wa kwamfuta a gefe, yana gwada kowace kafin ya girka. Ya sa tafin hannu a ƙarƙashi ya ji zafi, ya kara kunne ya saurari fanka, ya zare wayar wuta ya ga ko batir zai jure, don ya san halin wutarmu. Na ce, wai mi kake nema haka? Ya ce, "Yaya, ƙwaƙwalwarta kaɗan ce. Wadda za ta buɗe wurin rubutu ta yi magana da firinta nake so, ban da kwalliya." Wadda ya zaɓa fuskarta toka-toka, ba abin kallo. Amma kafin mai shigowa ya gama gaisuwa ta buɗe.

Wannan fuskar ce ta tsone wa Sani ido. Ya ce duk ofis a Birni sabuwa ake sawa, kuma wanda ya shigo shago ya ga wanga allo zai ce gidan ya mutu tare da mai shi. Chinedu ya ce, "Oga Sani, injin nan ba zai ɗauka ba. Baba ya gwada." Sani ya ce, "Aiki na kira ka, ba shawara ba."

Ladi ta dubi uwarta, uwar ta dubi ƙasa, don mai takaba ba ta ja-in-ja. Ni kuma ba a san ni da kwance wa ɗa zani gaban baƙo ba, ranar da ya fara zama a mazaunin ubansa. Allah ya saka wa Chinedu, sai da ya kwashe ayyukan Ladi a filas kafin ya taɓa komai.

Sabuwar ta fito da launi kamar ɗakin amarya. Sani ya ɗauke ta hoto da wayarsa. Ladi ta danna wurin rubutu, sai wani ɗan zobe ya kama juyi, fanka na kuka, ƙasan ya ɗau zafi. Ana haka wani dattijo ya sauka daga babur, daga Mahuta, ya biyo mu gida da sunayen da za a sa a katin bikin ɗiyarsa. Ya zauna, ya tashi ya yi la'asar, ya dawo, zoben bai daina juyi ba. Ya ninke takardarsa ya ce, "Allah ya jiƙan Malam Bawa," ya fita. Sani ya ce sabo take yi, kada kowa ya taɓa ta. Kafin magariba ya kama hanyar Birni.

Da Bawa zai leƙo garin nan yau, takaici ne zai mayar da shi. Uba ya sayar da dawarsa ya sai wa ɗa laftof 'yar gwanjo, yaran shago su cika ta da duk abin da ke walƙiya, ba mai tambayar ƙarfinta ko aikin da za ta yi. Abin da ake tambaya kawai, ta yi kama da ta wane? Kafin damina ta zagayo an tura ta ƙarƙashin gado, ana zagin wanda ya sayar. Ko jiya na ji wata a kasuwa tana cewa an yi wa ta ɗanta asiri.

Bawa bai bar fili ba, bai bar mota ba. Shago ya bari, da ɗiya mai iya ce wa mai kuɗi a'a. Ɗalibai har daga Ribah suke kawo wa Ladi tsoffin injina, kuma wanda ya nace sai an sa masa manhaja mai nauyi, sallamarsa take da kayansa. Wannan ya ishe ni. Sani kuwa har yau bai tambayi yadda aka ƙare ba.

Ga yadda aka ƙare. Washegari da sassafe na shiga ɗakin Asabe na naɗe kwamfutar a zane. Ita kuwa ta miƙo mini cajar. Na iske Chinedu yana buɗe shago, na ce ya kwashe wannan tarkacen ya mayar da ta Bawa. Ya ce, "Mama, Oga Sani fa?" Na ce, "Ni na goya Sani. In ya kira, miƙo mini wayar." Na zauna a bencinsa har ya gama, na ga firinta ta tofo takarda da idona. Na miƙa wa Ladi abinta, na tsayar da kabu-kabu, na ce ya kai ni Mahuta, gidan da ake shirin biki, in karɓo takardar dattijon nan.