Ranar da Na Ƙidaya Shanun Babanmu

Ranar wata Talata ce cikin watan Mauludi, marka ta kankama, ruwa yana ɗiga ta rufin rumfar da muke kira makaranta a Illela. Ina da shekara tara ko goma, na miƙe tsaye a tsakiyar aji, rigata jiƙe, na buɗe murya na ce, "Arba'in da bakwai!" Malam Isa ya yi murmushi, ya ɗauko ɗauri huɗu na sillen kara, kowane ɗauri goma, ya jera su a ƙasa, ya ajiye bakwai a gefe. Daga nan ya juya ga baƙin allo ya rubuta huɗu da bakwai manya-manya, ya sa aka yi mini tafi. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Abin da na faɗa kuwa yawan shanun babanmu ne, kuma a cikin masu tafin har da ɗan dagaci.

Mu Fulani ne, rugarmu tana kusa da tafkin Kalmalo. Da asuba muke tashi. Inna da ƙannen babanmu mata su yi tatsa, mu yara mu riƙe maruƙa kada su ƙwace nonon, sannan mu kwashe kashin shanu, mu cire musu kaska, mu gyara wutar da ake turara hayaƙi saboda ƙuda. In rana ta ɗaga sai a kora garke bakin tafki, inda masunta ke shawagi a kan gora, mu kuwa mu yi ta kokawa da langa a kan yashi har a neme mu a rasa. Da aka ce kowace ruga ta ba da yaro ɗaya a sa shi makarantar boko, ni aka zaɓa, ba don an fi so na da ilimi ba, sai don na ishi kowa da tambaya. Ni ne ɗan fari, saboda haka babanmu bai taɓa kiran sunana ba, "yaron nan" kawai yake cewa. Kullum sai in sha fura in kama hanyar gari da sassarfa, in ratsa gonakin gero, in isa kafin a buga guntun ƙarfen da ke rataye a jikin bishiyar bedi.

Kafin zuwan Malam Isa, lissafi a wurinmu waƙa ce. Babban malaminmu, dattijo mai kirki da bulalar da ba ta cika sauka ba, shi yake faɗa mu amsa, biyu sau biyu huɗu, biyu sau uku shida, muna rangaji kamar masu hadda. Da za ka tare ɗayanmu ka tambaye shi abin da huɗun take nufi, sai dai ya sake rero maka daga farko. Malam Isa kuwa bai ma zama malami ba tukuna. Ɗalibi ne a makarantar horon malamai, aka turo shi wata uku ya gwada koyarwa, a ƙarshe Baturen makaranta ya zo ya gani ko ya isa a ba shi aji. Saurayi ne siriri, ɗan birni, gemunsa bai fi a ƙirga ba. Yana da wani littafi da ya kwafe da hannunsa, bai rabuwa da shi, har mukan ce da shi yake matashin kai. A ciki aka tsara masa yadda zai fara darasi da yadda zai ƙare, kuma abin da malamansa suka fi nanata masa shi ne, "Kada ka fara da allo, fara da abin da yaro ya sani a gidansu."

Shi ya sa muka tsinto sillen kara, muka yanka su daidai, muka riƙa ɗaure goma-goma da kaba. Ranar da na gane cewa ɗauri ɗaya da kara uku su ne sha ukun da nake rerawa, sai na ji kamar an buɗe mini taga a ɗaki mai duhu. Na kamu da son lissafi, na kamu da son malamin. Komai na gani sai na ƙirga, kunyoyin gona, matan da ke bakin rijiya, jakunan fatake masu zuwa daga Ƙonni. Saboda haka da ya ce kowa ya je gida ya ƙidayo wani abu ya kawo gobe, 'yan gari suka tafi ƙirga kaji da tukwane da rumbuna, ni kuwa na ce abin da ya fi komai girma a gidanmu zan kawo masa.

Ba zan ce ban sani ba. Na sha jin Inna tana cewa ba a nuna saniya da yatsa ana ƙirgawa, albarka ke gudu, kamar yadda ba a ƙirga 'ya'ya. Na kuma san cewa in damina ta yi masu jangali, masu karɓar harajin shanu, kan zo, a zaunar da su a kan tabarma, a kawo musu nono, a yi ta zance mai tsawo, kuma garken da suke gani bai cika kai wanda nake gani ba. Amma son a yabe ni ya fi ƙarfina. Da yamma, shanu suna dawowa, na laɓe bayan wata aduwa da karana a cinya. Duk saniyar da ta wuce sai in ajiye kara ɗaya, in sun kai goma in ɗaure. Ban nuna da yatsa ba, na ce wa raina ai hakan ba laifi.

Magana zarar bunu ce. Kafin la'asar ta ranar Talatar, ɗan dagaci ya kai labari gida, ba da mugunta ba, don dai ya ba da mamakin yawan shanun abokinsa. Ranar kasuwa Inna ta kai nono, tun kafin ta sauke ƙwarya wata mai tuwo ta tare ta da dariya tana yi mata kirarin masu arba'in da bakwai. Ta dawo ba ta sayar da rabi ba. Na zaci duka zan sha, na ma shirya bayana, amma babanmu bai taɓa ni ba. Ya zauna a kan buzunsa, ya gaya wa Inna cewa bayan Juma'a za mu tashi mu ƙetara tulin duwatsun nan da Turawa suka jera a kan iyaka, mu koma ƙasar Faransi wurin dangin uwarsa. Makaranta kuma, in ji shi, yaron nan ya gama. A rugagen da ke kusa da mu ma aka janye yara, don an ce sabon malamin ɗan leƙen asirin masu jangali ne da aka sa wa rigar malanta.

Kwana uku ina bin shanu ina kuka a ɓoye. Ina jin ƙarar ƙarfen makaranta daga nesa in iska ta juyo, sai in ji kamar ana tsaga mini ƙirji. A rana ta huɗu da sassafe, ana tsakiyar tatsa, sai ga mutum yana tahowa ta cikin gero, wandonsa naɗe har gwiwa, taɓo ya yi masa takalmi. Malam Isa ne, ba littafin nan a hannunsa. Ya yi sallama, ya durƙusa gaban babanmu kamar yadda ɗa ke yi, aka gaisa aka sake gaisawa, aka kawo masa nono ya sha.

"Laihi nau na, Baffa, ba na yaro ba," in ji shi. "Ni nac ce su ƙidayo abin da ag gida. Ban san mi nika taɓawa ba."

Babanmu ya tambaye shi abin da yake so da yawan shanun mutane. Ya rantse ba ya son komai da shi, so yake yara su san lamba ba waƙa ba ce. Ya ce an koya musu su fara da abin da yaro ya sani, amma ba wanda ya koya musu cewa a cikin abin da yaro ya sani akwai wanda ba na faɗa ba ne. Ya roƙi a bar ni in ci gaba, ya ce bai ga yaro mai kaifin kai a lissafi kamata ba. Sannan, da yake shi ma mai tambaya ne, ya kasa haƙuri ya ce to in ba a ƙirgawa, ta yaya makiyayi yake sanin garkensa ya cika?

Nan ne na ga fuskar babanmu ta ɗan saki. Ya kama hannunsa ya kai shi wurin dangwali, doguwar igiyar nan da ake ɗaure maruƙa, kowane maraƙi da zargensa, manya a wannan gefe ƙanana a wancan. Ya ce in zarge ɗaya ya kwana ba wuya a cikinsa, ko makaho ya shafa ya san akwai wanda bai dawo ba. Manyan kuwa da suna ya san su, ya san uwar kowace da kakarta. Ya fara kira, Wule mai farin goshi ta ɗago kai, Ɓale baƙa wuluk ta taho tana kaɗa wutsiya. Malam Isa ya tsuguna yana shafa zargen igiyar ɗaya bayan ɗaya, bakinsa a buɗe.

Daga nan babanmu ya juyo gare ni, abin da bai saba yi ba a gaban baƙo, ya ce da Fulatanci in duba garken in gaya masa ko ya cika. Na tsaya ina bi da ido, leɓena yana motsi, ina ɗaure goma-goma a cikin kaina. Na ce saura ɗaya. Ya ce wace ce? Na sake dubawa, na sake ƙirgawa, arba'in da shida dai nake samu, amma ban san wadda babu ba. Ƙanena Sambo, wanda bai wuce shekara shida ba, yana riƙe da maraƙi ko ɗagowa bai yi sosai ba, ya ce Ole ce, ta shiga geza tun jiya za ta haihu. Babanmu ya dube ni, ya daɗe yana dubana, ba da fushi ba. Sai ya koma Hausa.

"Malam, tahi da shi. Idonai ya riga ya zama naku."

Abin da na kwana uku ina roƙon Allah ke nan, amma da na samu ban yi murna ba. Shanu kam ba makawa sai sun tafi, tunda duk gari ya san yawansu. Ranar Asabar da safe aka ɗaure kaya a kan takarkarai. Inna ta ba ni ƙoƙona da ɗan man shanu a cikin gora, ta juya baya da sauri don kada in ga idonta. Babanmu ya yanko wani yanki na tsohon dangwali mai zarge goma ya miƙa wa Malam Isa, ya ce ya riƙa nuna wa yara da wannan ya bar dukiyar mutane ta huta. Na raka su har tulin duwatsu, na tsaya ina kallo har ƙahonin suka ɓace cikin sabara. Ban ƙirga su ba. A gidan babban malaminmu na ci gaba da zama.

Ranar da Baturen ya zo, da igiyar nan Malam Isa ya koyar. Ya ɗaura ta tsakanin dirkoki biyu, ya sa yara goma suka zama maruƙa, kowa ya sa hannu a zarge, ya ce uku su tafi kiwo, a duba zarge nawa ne ba kowa, nawa ne da mai shi. Ajin ya kaure da dariya, har wanda bai taɓa buɗe baki ba ya ba da amsa. Aka ba shi malanta. Ni ma hanyarsa na bi, na koyar da ƙananan yara, daga baya na yi shekaru ina horar da masu shirin zama malaman lissafi. Duk sababbin da suka zo hannuna da dangwali nake fara musu, in ce su fara da abin da yaro ya sani, amma su fara zuwa su gaida iyayensa su ji abin da ake faɗa da wanda ba a faɗa. Wasunsu kan yi dariya su ce tsoho ya fara labarin shanunsa.

Iyayena na riƙa ganinsu da rani, in sun gangaro shayar da dabbobi, daga baya sai bayan shekara biyu, sai bayan uku. Fulatancina ya yi ta tsinkewa har Sambo ya riƙa yi mini dariya. Yau Illela ta cika ta batse, motoci suna ƙetara iyaka dare da rana, inda rugarmu take ya zama gonakin albasa. Jikokina suna da littattafan lissafi masu hotunan shanu, a ce su ƙirga su rubuta a akwati, ba mai tashi daga gari saboda haka. Ina yi musu murna, Allah ya sani. Amma in yamma ta yi na ji kukan saniya daga wajen kara, kasuwar shanu, nakan rufe ido in yi ƙoƙarin kiran garken babanmu kamar yadda yake kiransu, in fara da Wule, in ce Ɓale, in ce Ole, sai in tsaya. Yawansu yana nan daram a kaina, arba'in da bakwai, sunaye uku kawai suka rage mini.