Sawun Mba Ziblim

Ranar Talata ce, cikin bazara, kafin ruwan farko. Ina da shekara ashirin, ina karatun fiƙihu a gaban Malam Sulemanu a zangon Yendi. Bayan sallar asuba na share zaure, na shimfiɗa buzu, na daidaita yashin da ke cikin farantin Malam.

Yashin na taimama ne. Malam yana da ciwon fata, idan ruwa ya taɓa hannunsa sai ya tsattsage ya yi jini. Ni nake ɗebo masa yashi mai tsabta daga rafi. Duk wanda ya shigo zauren zai ga shatin yatsu a kai.

A lokacin gidajen sarauta biyu na garin suna jayayya. Mu baƙi ne, ba ruwanmu. Amma an fara raɗe-raɗi a kasuwa cewa wani malamin zango yana yi wa ɗaya gidan bugun ƙasa. Ba a faɗi suna ba. Mutane dai sun rage gaishe mu.

Karatun safiyar a kan ƙasa ne. Malam ya ce Allah ya shimfiɗa ta, ya sa mata hanyoyi da rafuka da alamomi don kada matafiyi ya ɓata. Ya ce wanda ya iya karanta takarda bai iya karanta ƙasa ba, rabin karatu ya yi. Na rubuta wannan a gefen littafina.

Ƙarfe bakwai Mba Ziblim ya shigo. Ɗan gari ne, manomin doya, gidansa na bayan katangarmu. Zuwansa na uku ke nan a satin. Ya tsuguna ya yi gaisuwa, idonsa na kan farantin. Ya tambaya ko Afa, haka suke kiran malami, ba zai sa a kawar da shi ba. Malam ya yi dariya, ya ce to da me zai yi salla. Ni ban yi dariya ba. Na bi bayansa da kallo har ya sha kwana.

Tara saura kwata muka ji kalangu daga wajen kasuwa. Ba kiɗan biki ba ne. Tara daidai dutsen farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Na biyu ya fasa tulu a tsakar gida. Mma Adisa, matar Malam, ta fito da ludayi a hannu.

Daga waje aka yi ihu, "Ku fito da mai bugun ƙasa!"

Na sa sakata. Ƙofa ta fara girgiza. Na ji warin kananzir, sannan hayaƙi ya shigo ta ƙarƙashinta. Na juya zan kwashi littattafai, sai na ga kan Mba Ziblim a saman katangar baya.

"Afa, nan! Bar kaya!"

Muka ɗaga Malam, ya karɓe shi. Mma Adisa ta yar da ludayin ta haura, na bi. Ta cikin gidansa muka fita zuwa gonaki. Ban ɗauki komai ba, ko buta. Ina gudu ina tambayar kaina yadda ya san lokacin da zai zo.

Wajen goma muka kai inda hanya ta rabu biyu. Mba Ziblim ya nuna hagu, ta cikin kunyoyin doya. Na raɗa wa Malam cewa mutumin nan shi ya kai zancen faranti, kada mu bi inda ya nuna. Malam ya durƙusa ya dubi ƙasa. A hanyar dama akwai sawun maza da yawa, sabo, duk sun nufi gaba, da huda-hudar sanduna a gefe. A ta hagu sawun awaki ne da na mace ɗaya. Ya nuna mini da yatsa, ya miƙe, muka bi hagu.

Rana ta take. Malam ya haura shekara sittin, zazzaɓi ya kama shi. Rafi biyu muka tarar a bushe. Da inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa muka kwantar da shi a gindin kaɗanya. Leɓensa ya tsage. Mba Ziblim ya ce akwai ramin ruwa a gangare, mu jira shi. Ya tafi.

Na ba shi rata, sannan na bi sawunsa. Babban yatsan ƙafarsa ta dama a karkace yake, sawun ba ya ɓuya. Bai gangara ba. Ya hau tudu, ya miƙe sak zuwa wasu gidaje da nake hango rufinsu. Na duba sau biyu. Na dawo da gudu na ce wa Mma Adisa ya tafi kiran mutane. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce na gani a ƙasa.

Na goya Malam. Muka bar hanya, muka shiga daji. Ina tafe Mma Adisa na share sawunmu da reshe.

Azahar ta wuce ba mu ga ruwa ba. Da la'asar Malam ya farka, ya tambaya ina Ziblim. Na faɗa masa. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Iliyasu, da me zai ɗebo ruwan?" Sai a lokacin na tuna dukkanmu ba komai a hannu muka fito. Dole sai ya ari gora a gidan wani.

Malam ya sa na sauke shi. Ya bugi ƙasa da tafinsa, ya yi taimama, ya yi salla a zaune. Bai sake magana ba. Kafin rana ta faɗi ya cika.

Wani manomi da ke komawa gida ya same mu. Ya ba mu ruwa, ya ara mini fartanya. Da ruwan na wanke Malam. Muka binne shi a gefen gonar, mu uku. Washegari ya raka mu bakin titi, motar doya ta kai mu Bimbilla, wata ta kai mu Salaga, wurin 'yan'uwan Mma Adisa.

Bayan wata biyu wani ɗan zangonmu ya zo fatauci. Ya ce gidan ya ƙone ƙurmus. Ya ce an ga Mba Ziblim ranar yana zagaya gonaki da gora cike da ruwa, yana kiran Afa har magariba. Wanda ya kai zancen faranti kuwa, har yau ban san shi ba.

Littattafai goma sha huɗu ne suka ƙone, uku Malam ya kwafa da hannunsa. Mma Adisa ba ta taɓa tayar mini da maganar sawun ba. Da kaka na koma neman kabarin. Manomin ya ƙaura, dawa ta rufe wurin. Kwana biyu na yi ina nema, ban same shi ba.