Karen Ruwan da Kakana Ya Gani

Har yau mutanen gidanmu cewa suke aikin ido ne da bai yi ba ya sa kakana ya daina magana. Ba haka ba ne. Ni na rufe masa baki, kuma na gaji da jin ana ɗora wa likita.

Kakana masunci ne tun lokacin da tabkin bayan garinmu, can kusa da Ƙonni, yake kai rani da ruwa. Ni ban tarar da wannan ba. Na dai tarar da tsohuwar komarsa rataye a zaure, ƙarnin kifi bai bar ta ba. Kullum bayan la'asar, a gindin dogon yaro, sai ya ba tsofaffi abokansa labarin karen ruwa: wata dabba mai santsin jiki da gashin baki, wadda take yaga masa koma, ta ɗauki kifi da hannu biyu ta ci kamar mutum. Babu wanda ya taɓa ganinta sai shi. Dariya suke masa, shi kuwa ya yi ta rantsuwa.

Ina shekara goma sha biyu kawuna ya kai shi Yamai aikin ido, aka tafi da ni don in riƙa ja masa sanda. Ana gobe za mu komo ya kafe sai an kai shi gidan namun daji. Ga zafi, ga warin kura, ga yunwa. Wajen zaki ma bai tsaya ba. Inda namun ruwa suke kawai yake tambaya.

Wani mai gadi ya kai mu bakin wani ɗan kududdufi, kawuna ya tafi neman inuwa. Sai ga abin ya fito. Baƙi, sumul, da gashin baki. Aka jefa masa kifi, ya riƙe da hannu biyu.

"Amarya, mi kika gani?" in ji kakana. Haka yake kirana, wasan kaka da jika.

Na faɗa masa duka. Ya damƙe kafaɗata. "To ke ce shaidata," ya ce.

Da muka komo gida ya sa aka kira ni gindin dogon yaro. Tsofaffi sun cika tabarma. Ya ce, "Faɗa musu." Ni kuwa na saba duk abin da ya ce sai na tsokane shi, a yi dariya, a ce amarya ta kayar da ango. Sai na ce, "Wane karen ruwa? Gafiya ce ta jiƙe."

Aka fashe da dariya, har da mai buga cinya. Na ji daɗi, wallahi na ji. Kakana ya ɗan yi murmushi, ya lalubi takalmansa. Ya jira in gyara maganar. Ban gyara ba, na ruga wasana.

Bai sake ba da labarin ba. Daga baya ya daina fita ma. Damina biyu ya yi ya rasu.

Yanzu tabkin gonar albasa ne, yaran gidanmu ba su ma san an taɓa kamun kifi a wurin ba. Cikin tsofaffin nan saura mutum ɗaya, yana wajen ɗiyarsa a Illela, kunnensa ya yi nauyi. Jibi zan hau mota in same shi. Ko da ihu ne sai ya ji: na ga karen ruwa da idona, kakana bai yi ƙarya ba.