Yatsan Kawu Sale

"Baba, ina katinku?" in ji maigadi, ya tare mu a ƙofar zauren biki.

Asabar ɗin nan ce a Funtua. Na kai ƙanen mahaifiyata, Kawu Sale, walimar auren jikarsa, ga shi mun manta katin gayyata a gida.

Wannan zauren, a da masana'antar ƙera garmar shanu ce. Daga Maska har Dayi da garmarsu ake huɗa. Kawu ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ciki yana yankan ƙarfe, kuma tun da aka rufe ta ko layin ba ya bi. Da ƙyar amarya ta lallaso shi.

Kawu ya ɗaga hannun dama, yatsu huɗu.

"Ka ga giɓin nan? Inji ne ya cire shi a cikin nan tun ba a yi auren babanka ba, kuma har yau ba a ba ni kayana ba. Wanda yatsansa ke ciki ake tambaya kati?"

Maigadi ya russuna. "Ku yi haƙuri Baba, bismillah."

Muna shiga Kawu ya tsaya, yana ƙare wa rufin kallo, idonsa ya kawo ruwa. Na ce yau akwai kuka. Sai ya zungure ni, ya nuna kujerar ango mai furanni da fitilu.

"Daidai nan masai yake, nan muke zagayawa."

Jama'a, fenti yana rufe bango, amma ba ya rufe bakin tsoho. A garinku wane tsohon wuri aka mayar ɗan gayu?