Igiyar Shanya a Gidan Taɓa-ka-ji

Taɓa-ka-ji ake ce masa a unguwa, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. Ba ya shiga ɗakin mutane ya zauna kamar baƙon kirki. Kafin ya amsa gaisuwa ya riga ya kai bayan hannu kan wayar firiji ko ta dutsen guga, kamar uwa mai taɓa goshin ɗanta. In ya ji sanyi, sai ya tambayi lafiyar iyali. In ya ji ɗumi, to ranar mai gida ya sha wa'azi.

Tun yana saurayi yake aikin wuta, har furfura ta cim masa, kuma wa'azin bai taɓa sauyawa ba. A karanta rubutun jikin waya, a ga kaurin jan ƙarfenta da ƙarfin wutar da za ta iya ɗauka. A fere bakinta, a kankare sili ɗaya, domin jan ƙarfen gaskiya ja ne har cikinsa. Kaurin roba ba komai ba ne. Matarsa ta haddace wannan tun tana amarya ba da son ranta ba. Takan ce ribar da ta ci a auren nan ita ce ba ta taɓa sayen igiyar shanya ba, guntayen wayarsa sun wadatar da ita.

Ita ce ta fara lura idonsa ya soma ja da baya. Yakan zuba ruwa a gefen kofi. Ya taɓa gaida maƙwabcinsu da sunan wani. Ta yi kamar ba ta gani ba, don ta san halin abinta: gara ya faɗa rami da a riƙe masa hannu.

Ana nan sai autarsu ta haihu. Ɗakin da ita da mijinta suke haya soket ɗaya ne, shi ma a bayan gado, ga dumama ruwan wankan jariri, ga guga. Tsohon ya hana a sayo na kanti. Ya ce da hannunsa zai haɗa wa auta allon soket mai doguwar waya, wadda za ta bi jikin bango ta wuce gadon jaririn ta fita zuwa baranda. Ya daɗe ba a ba shi aiki ba, sai ga shi yana ta fito kamar yaro. Ya tafi kasuwa shi kaɗai, ya dawo da naɗin waya mai kauri da sheƙi, ya jingine a ƙofar ɗaki ya kwanta hutawa.

Matar, da yake hali zanen dutse ne, ta yanki kamu kaɗan ta ɗaure tsakanin ginshiƙi da taga. Zani biyu jiƙaƙƙu ta rataya, wayar ta tsinke, wankin ya zube ƙasa. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai idonta ya sauka kan bakin da ya tsinke. Roba ce jibge, silin ciki 'yan tsiraru. Ta kankara da wuƙa, jan ya tashi, fari ya bayyana. Ta juya wayar daga farko har ƙarshe, babu rubutu ko ɗaya. Ta tuna zanin gadon jikanta da ke gogar bangon nan, ta kuma tuna mutumin da ke barci a ɗaki, wanda a da ko kyauta aka ba shi wannan waya sai ya jefar. Tausayinsa ya kama ta har ta zauna.

Ta yi tunanin ɓoye naɗin ta ce an sace. Ta yi tunanin aika wa auta kada ta karɓa. Duk ta ga cin amana ne. Da ya tashi ya shimfiɗa kayan aiki a tsakar gida, sai ta zo ta sa masa guntun a tafin hannu, ta ce wayarsa ta zubar mata da wanki, ya duba mata.

Ya murza da yatsa, ya ɗaga sama wajen haske, ya kawo kusa da hanci, ya sake nesantawa. Ya daɗe a haka. Sannan a hankali ya ce, "Wace kala ce a ciki?"

"Fara ce, Malam."

Ya ajiye filaya. Ya ce a shagon ya yi kamar yana karantawa, don kunya ta hana shi tambayar mai saye da sayarwa abin da ya yi shekaru yana koya wa mutane. Sai ya laluba ya ɗauki wadda ta fi kauri. "Da na ƙone yaron nan da hannuna," ya ce. Ya ƙara da cewa ko fuskarta ya kwana biyu bai gani sosai ba.

"Ba ka yi asarar komai ba, fuskar ta tsufa," in ji ta, tana goge ido da gefen mayafi, ta san ba zai gani ba.

Washegari tare suka je kasuwa. Tana karanta masa lambobin jikin waya ɗaya bayan ɗaya, yana cewa a'a, a'a, har ta karanta wadda ya gyaɗa wa kai. Ta kankare sili ta ce ja ne har ciki. A gida shi ya ɗaure kowace ƙusa, ita tana gaya masa wace kala ke hannunsa, suna yi suna gardama.

Ranar da suka kai wa auta, aka jona abin dumama ruwa har ya tafasa. Tsohon ya kai bayan hannu kan wayar, sai ya tarar da hannun matarsa ya riga nasa.